Maɗaba'ar Hannu: Inda Darma da Katako Suke Haɗuwa

A maɗaba'ar gargajiya kowane harafi ɗan ƙarfe ne mai zaman kansa. Da darma da kuza da antimoni ake zuba shi, irin haɗin da aka gada tun zamanin Gutenberg, wanda ya fara wannan aiki a birnin Mainz na Jamus wajen 1450. Mai jera haruffa yakan tsinto su ɗaya bayan ɗaya daga akwati mai gida-gida, ya jera su a juye, kamar rubutun da aka haska a madubi. In shafi ya cika sai a ɗaure shi tam cikin firam na ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda.

Hoto kuwa a kan katako ake sassaƙa shi. Thomas Bewick, wanda ya shiga koyon sana'a a shagon Ralph Beilby da ke Newcastle a Ingila a 1767, shi ya ɗaukaka wannan fasaha. Maimakon tsagin tsawon itace, sai ya riƙa sassaƙa a kan fuskar da aka yanke a gicciye, ta wani icce mai tauri da ake kira boxwood. A nan ɗan ƙarfe mai tsini yana iya fitar da layi siriri kamar gashi. Inda aka ƙwaƙule ya fito fari, inda aka bari ya ɗauki tawada. Littafinsa na tsuntsayen Birtaniya, da ya fito a 1797 da 1804, ya nuna har laushin gashin tsuntsu.

Sirrin haɗa su biyun shi ne tsayi. A Ingila da Amurka tsayin harafi inci 0.918 ne, don haka ake yanka katakon daidai da haka, rubutu da hoto su bugu a dannawa guda. In wani gefe ya yi ƙasa, mai ɗab'i zai liƙa 'yan siraran takardu a ƙarƙashinsa har tawada ta zauna daidai. Wannan gyara kan ci awoyi kafin a buga shafi ɗaya mai kyau.

Bayan an gama, aikin almajirin shago ne ya wanke haruffan, ya mayar da kowanne gidansa. Harafin da ya faɗa gidan wani, a bugu na gaba zai tona kansa a tsakiyar kalma.