TSIRON CIKIN HANCI: MURAR DA TA ƘI WUCEWA



Duk wanda ke zaune a Tambuwal ko Kebbe ya san halin hunturu: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ta turnuƙe gari, ga ƙaiƙayin sussukar gero da dawa, ga hayaƙin itace a madafa. Mura kam ba wanda ta bari. Amma idan hancinka ya toshe sama da mako 12, ka daina jin ƙamshin miya ko turare, majina na gangarawa maƙogwaro, kana munshari da baki buɗe, to wannan ta wuce mura. Mai yiwuwa tsiro ne a cikin hanci.

*Mene ne shi?*
Nama ne mai laushi kamar ɓararren inabi, ba ya ciwo, galibi yana fitowa a hanci biyu. Ba kansa ba ce. Fatar cikin hanci ce ta daɗe a kumbure, ta sha ruwa, ta lanƙwaso ta tare hanyar iska.

*Me ya sa kumburin ba ya sauka?*
A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da likitoci ke kira iyosinofil. Idan ƙura ko ƙwayar cuta ta taɓa hanci, jiki sai ya kira su gayya. In sun gama aiki, tsarinsu shi ne su mutu a natse, wasu ƙwayoyin su share gawar, wurin ya lafa. Baƙo raɓa ne ai. To a hancin mai tsiro, akwai wani sinadari da ake kira IL-5 da yake hana su mutuwa a kan lokaci. Sai su tare, su ci gaba da zuba dafinsu a kan fatar hanci. Ƙwayoyin fatar kuma in sun jikkata sai su fashe, abin cikinsu ya zube ya ƙara kiran wasu. Haka abin ke zagayawa, tsiro na girma.

Shi ya sa maganin feshin hanci mai sitiroyid yake aiki: yana rage kumburi, yana sa waɗannan baƙin su mutu kamar yadda ya kamata. Sai dai yana son haƙuri, makonni ake yi kullum kafin a ga canji.

*Abin yi a gida*
• Tafasa ruwa rabin lita, sa gishiri ƙaramin cokali 1, bari ya huce, ka riƙa shaƙa kana fyacewa safe da yamma, kamar a alwala.
• Rufe hanci wajen sussuka, shara, ko tafiya a babur.
• Ka bar taba, ta sha da ta shaƙa.

*Abin da za ka guje wa*
• Don Allah kada a kai wa wanzami ya yanke, kada a tsokale shi da tsinke. Jijiyoyin jini na wurin, ga ido da ƙwaƙwalwa kusa.
• Kada a cusa tafarnuwa, kanwa ko barkono. Ƙona fatar suke, kumburi ya ƙaru.
• Feshin buɗe hanci na kemis irin Otrivin kada ya wuce mako 1, in ya wuce shi kansa toshe hanci yake.
• Mai asma da tsiro ya yi hattara da asfirin da ibuprofen, suna iya tayar wa wasu da numfashi sosai.

*Garzaya asibiti idan:* tsiron gefe ɗaya ne kawai, ko yana zubar da jini, musamman ga saurayi matashi, ko ido ya kumbura, ko gani ya canza. Fara da babban asibitin da ke kusa da kai. In da buƙata za su tura ka sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Can ana cire shi ta cikin hanci. Amma ka sani yakan dawo in aka watsar da feshi da wankin hanci bayan tiyata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan'uwa.