Sojan da Aka Yi wa Magani da Kitse

A watan Oktoba na 1796, a barikin sojojin igwa na Woolwich da ke gefen Landan, likitan soja John Rollo ya karɓi wani hafsa, Kyaftin Meredith. Da can ƙato ne mai teɓa, yanzu kaya sai yawo suke a jikinsa. Ƙishirwa ta hana shi sakat: ya sha ruwa, ya fita fitsari, ya dawo ya sake sha, dare da rana. A wancan zamani babu na'urar awon jini. Abokin aikin Rollo, William Cruickshank, shi ke ɗora fitsarin kyaftin a wuta har ruwan ya ƙone, sai a tarar da wani abu mai zaƙi a gindin kasko, kamar mazarƙwaila. Mu nan tururuwa ke yi mana wannan aikin. In suka yi dandazo inda dattijo ya tsuguna, mutanen gida sun san ciwon sukari ne.

Rollo ya ɗauka laifin tumbi ne, wai shi ke mayar da abincin tsiro sukari. Ya kuskure gaɓar da ta lalace, amma hannunsa ya faɗa kan dabara. Ya janye wa kyaftin kusan duk abin da ya fito daga gona. Safe da dare madara da ɗan burodi da man shanu. Da rana wani haɗi na jini da kitse, wanda Musulmi ko sunansa ba ya son ji. Babban abincin kuwa nama ne da ya kwana biyu, da kitsen da ya fara wari, iya abin da ciki zai ɗauka. Wai magani ke nan!

Ai kuwa cikin 'yan makonni fitsari ya ragu, zaƙin ya ɓace, ƙishirwa ta kwanta, kyaftin ya koma bakin aikinsa. Mara lafiya na biyu, wani janar mai shekara 57, shi ma ya fara samun sauƙi, sai ya kasa jure takunkumin ya koma cin abin da ransa ke so, bai kuma yi nisa ba. A 1797 Rollo ya buga labarin mutanen biyu a littafi.

Bayan shekara saba'in da 'yan kai, yaƙi ya maimaita gwajin. Daga Satumban 1870 zuwa Janairun 1871 sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya, har aka ci dawakai da ɓeraye, aka yanka giwayen gidan namun daji. Apollinaire Bouchardat, masanin magunguna a birnin, ya lura sukari ya ɓace daga fitsarin wasu majinyatansa da abinci ya yi wa ƙaranci. Ban kawo wannan don in yabi yunwa ba. Wanda ya zauna a Diffa bayan harin Fabrairun 2015, sa'ad da aka hana cinikin kifi da tattasai, ya ga abin da yunwa ke yi wa gida, ba zai kira ta magani ba.

Da aka samo insulin a Toronto a 1921, likitoci suka rage damuwa da akushi. Sunan "keto" da matasa ke gani a waya ma a shekarar ya fito, daga Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka, kuma don masu farfaɗiya aka tsara shi. Ma'anarsa a rage hatsi da zaƙi zuwa ƙasa da giram 50 na sitaci da sukari a yini, har jiki ya koma ƙona kitse. Sai a 2019 ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta Amurka ta bayyana cewa rage sitaci da sukari shi ya fi hujja wajen sauko da sukarin jini.

Giram 50 fa malmalar tuwo guda ta kai shi, ba a zo kan fura da shinkafar fadamar Komadugu da shayin da ake zuba wa sukari ba tsoron Allah ba. Shi ya sa nake tausaya wa janar ɗin nan. A gidan da ake cin kwano ɗaya, wa zai dafa wa mutum tukunyarsa daban? Amma mun fi Meredith sa'a nesa. Ga bandar kifi daga wajen Bosso, ga kwaɗon zogale da rama, ga kuɓewa da ƙwai da gyaɗa da tattasanmu. A rage malmala a ƙara miya, wannan kowa na iyawa.

Sai dai mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya yanke tuwo bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai ciki da mai ciwon ƙoda su ma ba nasu ba ne su gwada da ka. Kafin ka taɓa akushi, ɗauki kwalin maganinka ka kai wa likita ya gani.