Ƙaurar Wasiƙun Kamfani Zuwa Gajimare

Kalmar gajimare a fagen kimiyyar kwamfuta ba ta da alaƙa da hadari ko ruwan sama. Abin da ake nufi da ita shi ne tarin manyan kwamfutoci da aka girke a wasu gine-gine na musamman, waɗanda ake kira cibiyoyin adana bayanai, ana ba da hayar aikinsu ta hanyar intanet. Sunan ya samo asali ne daga al'adar injiniyoyi ta zana siffar gajimare a duk lokacin da suke son nuna hanyar sadarwa mai faɗi a kan takarda.

Tun 1971, lokacin da Ray Tomlinson na ƙasar Amurka ya aika saƙon imel daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da na kwamfuta, kowace wasiƙa tana bukatar gidan waya. Wannan gidan waya kwamfuta ce da ake kira uwar garke, wadda ke karɓar saƙo, ta adana shi har mai shi ya zo nema. Tambayar da ke gaban kowane kamfani ita ce: a ina za a ajiye ta?

Uwar garke a cikin ofis

A ɗauka akwai wani kamfanin dillancin kaya a Unguwar Mu'azu, cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, mai ma'aikata 20. Idan ya ajiye uwar garkensa a ofis, dole ta kasance a kunne dare da rana, domin wasiƙa ba ta da lokacin zuwa. Wannan na nufin janareta da mai da batura a duk lokacin da aka ɗauke wuta. Zafin watan Afrilu yana tilasta sayen na'urar sanyaya ɗaki, ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, tsawar damina kuma tana iya ƙona ta. Idan faifan ajiya ya lalace alhali ba a kwafi abin da ke ciki ba, rasiɗai da yarjejeniyoyin shekaru sun salwanta ke nan.

Ƙaura zuwa gajimare ta yi kama da mutumin da ya daina binne kuɗinsa a tukunya ya kai banki. Kamfanin Google ya fara ba ma'aikatu irin wannan hidima a 2006, Microsoft kuma ya fito da Office 365 a 2011. Ban da imel, ana samun kalandar taro, da ganawa ta bidiyo, da takardun da mutane da dama za su iya gyarawa a lokaci guda, ko da ɗaya yana Kaduna ɗaya yana kasuwar Kantin Kwari a Kano.

Yadda ake yin ƙaurar

Da farko ana ƙidaya akwatunan saƙo, a buɗe wa kowane ma'aikaci sabo a wurin mai ba da hidima. Daga nan sai a kwafe tsofaffin wasiƙu, wanda shi ne aiki mafi cin lokaci. Idan kowane akwati yana ɗauke da gigabait 5, jimilla ta zama gigabait 100, wato megabit 800,000, tunda kowane bait yana da bit 8. A layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa, aikin zai ɗauki daƙiƙa 80,000, kimanin awa 22, muddin layin bai yanke ba.

Mataki na ƙarshe shi ne sauya adireshi. A intanet akwai wani kundi mai suna DNS, wanda ke haɗa sunan kamfani da kwamfutar da ke yi masa hidima. A cikinsa akwai layin da ake kira MX, mai nuna inda za a kai wasiƙu. Da zarar an sauya shi, sababbin saƙonni sai su nufi gajimare. Sai dai labarin sauyin ba ya isa ko'ina nan take, saboda haka ake barin tsohuwar uwar garke a kunne na 'yan kwanaki, kuma galibi ana yin aikin a ƙarshen mako.

Ina bayanan suke?

Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na farko a Afirka a biranen Johannesburg da Cape Town a 2019, wasu bayanan kuma suna Turai. Ke nan wasiƙar da aka rubuta a Unguwar Mu'azu zuwa ga maƙwabci a Tudun Wada tana iya bin zaren gilashi zuwa Legas, ta shiga ƙarƙashin teku, sannan ta dawo. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wannan zare, don haka ba a jin nisan.

Akan ji shi ne ranar da zaren ya tsinke. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin teku huɗu, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta, ayyukan bankuna sun tsaya cik a wurare da dama, masu amfani da hidimomin Microsoft su ma sun sha wahala. Wannan na daga cikin dalilan gina cibiyoyi a cikin gida. Kamfanin gwamnatin tarayya Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, yana da cibiya a Abuja, an kuma buɗe wata a Kano a 2023.

Kuɗi da tsaro

Hayar gajimare ana biyanta ne bisa yawan ma'aikata, kuma sau da yawa farashin yana bin dala. A misali, idan kowane mutum dala 6 ne a wata, kamfani mai mutum 20 zai biya dala 120. Kafin Yunin 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin hukuma, kuɗin naira 55,200 ne. A farkon 2024, da dala ta kai naira 1,500, ya zama naira 180,000, ba tare da an ƙara ko akwati ɗaya ba.

Ta fuskar tsaro, mai ba da hidima yana gadin gininsa da na'urorinsa, amma makulli yana hannun ma'aikaci. Wanda ya miƙa kalmar sirrinsa ga ɗan damfara ya buɗe masa ƙofa da kansa. Maganin wannan shi ne tantancewa mai hawa biyu, inda ake neman wata lamba daga wayar mutum bayan kalmar sirri. Haka kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin bayanan abokan cinikinsa ko a ina ya ajiye su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasashen waje.

Saboda haka, kamfanin da zai yi wannan ƙaura yana bukatar layin intanet biyu daga kamfanoni daban-daban, da kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam, da kuma yarjejeniyar da ta ba shi damar kwashe bayanansa idan ya so tashi. Ga makarantu kuwa, ɗalibi zai iya auna saurin layin ɗakin kwamfutar makarantarsu, ya lissafa awoyin da kwafe gigabait 100 zai ɗauka a kansa.