BABI NA HUƊU: SAMO KAYAN GYARA DA FARFAƊO DA TSOHUWAR MOTAR KWANA-KWANA A ƘASAR GUMEL

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sana'ar kanikanci da rabe-rabenta a ƙasar Gumel. A wannan babi kuwa za a ɗauki misali guda ɗaya, wato gyaran tsohuwar motar kashe gobara, wadda Hausawa suka fi sani da motar kwana-kwana, domin a nuna yadda ake samo kayan gyaran da suka yi wuya, da yadda ake sarrafa waɗanda ba a samu ba. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ba a cewa an gyara motar kwana-kwana don kawai injinta ya tashi. Gyara yana kammala ne a lokacin da ruwa ya fito daga bakin mesa da ƙarfin da zai kashe wuta.

4.1 Muhimmancin Motar a Wannan Yanki

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa wadda aka ciro daga Jihar Kano a shekarar 1991. Ƙasa ce ta rairayi, wadda babu wani babban kogi da ya ratsa ta. Mazauna karkararta manoma ne da makiyaya, masu amfani da kara da zana da ciyawa wajen yin danga da jinka da rumbu. Da zarar hunturu ya kama, waɗannan kayayyaki sukan bushe ƙayau, iska ta yi ƙarfi, jama'a kuma su riƙa hura wutar jin ɗumi. A irin wannan lokaci, tartsatsi ɗaya yana iya cinye amfanin gonar shekara guda na gidaje da dama.

Bugu da ƙari, kasuwar Maigatari da ke ci duk ranar Alhamis a kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar tana tara dabbobi da hatsi da manyan motoci masu yawa. Haka kuma gobarar tankar fetur da ta auku a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, wadda ta halaka fiye da mutum 150, ta nuna irin ɓarnar da wuta take yi a garuruwan bakin hanya. Tazarar da ke tsakanin Gumel da Kano ta kai kimanin kilomita 120, don haka agajin da zai taso daga nesa toka kawai zai tarar. Sabuwar mota kuwa galibi daga ƙasashen waje ake sayo ta da kuɗi masu yawa. Wannan ne ya sa farfaɗo da tsohuwa yake da daraja.

4.2 Dalilan Wahalar Kayan Gyara

Motar kwana-kwana a haƙiƙa na'urori biyu ne aka haɗa wuri ɗaya. Akwai ɓangaren mota, wanda ya ƙunshi inji da giyabos da birki da sitiyari da tayoyi. Akwai kuma ɓangaren ruwa, wanda ya ƙunshi tanki da famfo da mesa da mahaɗanta. Sau da yawa kamfanin da ya ƙera motar daban, wanda ya ƙera famfon daban. Alal misali, motocin Ingila irin su Bedford sukan ɗauki famfon Godiva, yayin da kamfanonin Magirus na Jamus da Rosenbauer na Ostiriya suke ɗora nasu kayan a kan manyan motoci iri-iri.

Dalili na farko na wahalar kaya shi ne rufewar kamfanoni. Kamfanin Bedford, wanda motocinsa suka cika hanyoyin Nijeriya a da, ya daina ƙera manyan motoci a tsakiyar shekarun 1980. Dalili na biyu shi ne durƙushewar masana'antun harhaɗa motoci na cikin gida, kamar Steyr a Bauchi da Leyland a Ibadan da kamfanin NTM na Kano mai harhaɗa motocin Fiat a wancan zamani. Faɗuwar darajar Naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta sa shigo da kaya ya yi tsada ƙwarai, aikinsu ya ja baya. Dalili na uku shi ne ƙarancin motar kanta. Ɗan kasuwa ba zai zuba jarinsa a kan kayan da sai an shekara ba a tambaye shi ba.

Dalili na huɗu kuwa shi ne bambancin awo. Tsofaffin motocin Ingila da awon inci aka ƙera notinansu, na Jamus da Faransa kuwa da awon milimita. Mahaɗar mesa ma haka take. Ingila tana da tata mai faɗin inci biyu da rabi, Jamus tana da Storz, Faransa tana da Guillemin, kuma babu wadda take shiga cikin wata. Wannan abin lura ne musamman a garin kan iyaka irin Maigatari, inda kayan da suka biyo ta ƙasashen rainon Faransa suke haɗuwa da na Nijeriya.

4.3 Wuraren da Ake Neman Kaya

Kafin bakanike ya fita nema, yakan kwafi lambar da ke jikin ƙashin motar da ta inji da ta famfo. Sannan yakan cire abin da ya lalace ya tafi da shi a hannu domin ya zama samfur, saboda suna yana iya ruɗarwa amma awo ba ya ƙarya. Nema yakan bi matakai kamar haka:

(a) Garejojin cikin gari. Da yake ɓangaren mota iri ɗaya ne da na motocin dakon kaya na zamaninta, akan fara duba matattun motocin da aka jingine a garejojin Gumel da Maigatari da Haɗejiya. Cire kayan wata mota a sa wa wata ita ce hanya mafi sauƙi.

(b) Kasuwannin Kano. Idan ba a dace ba sai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da shagunan kayan mota na Sabon Gari, inda ake samun sabbin kaya da na gwanjo. 'Yan gwangwan ma sukan taimaka, domin wani lokaci abin da ake nema yana cikin tarin ƙarafan da suka saya a kan kilo.

(c) Kasuwannin nesa. Daga Kano sai Fanteka ta Kaduna, sai kasuwar Ladipo ta Legas da ta Nnewi a Jihar Anambra. A nan ana bi ne ta hannun dillali, wanda ake biyan sa la'ada. A yanzu wayar hannu ta rage wahala, domin akan ɗauki hoton kayan tare da awonsa a tura kafin a biya kuɗi.

Babbar matsalar wannan mataki ita ce jabun kaya. Boris ko roba na jabu suna iya kama da na asali a ido, amma ba sa jure zafi da nauyi. Motar haya idan ta mutu a hanya fasinja ne zai makara, amma motar kwana-kwana idan ta mutu a hanya gida ne zai ƙone.

4.4 Kayan da Ake Gyarawa ko Ƙerawa

Kayan ɓangaren ruwa ba a cika samun su a kasuwa ba, saboda haka a nan ne hikimar masu sana'a take fitowa. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Yana haɗa bakanike da mai walda da riwaya da mai injin sassaƙar ƙarfe da maƙerin fari mai zubin tagulla.

4.4.1 Famfo

Famfo shi ne zuciyar motar. A cikinsa akwai wata fanka, galibi ta tagulla ko sanholo, wadda take juyawa da sauri tana wurga ruwa waje. Ƙarfin juyawar daga injin motar yake zuwa, ta wani ƙaramin akwatin giya da aka manna wa giyabos. A ƙasar Gumel ruwan da ake ɗiba daga kududdufi ko tafki yakan zo da yashi, wanda yake cinye bakin fankar sannu a hankali har ƙarfin ruwa ya ragu. Idan cin bai yi yawa ba, akan cike wurin da waldar tagulla, sannan a kai injin sassaƙa a mayar da shi awonsa na asali. Idan kuwa fankar ta fashe, akan yi amfani da ita a matsayin samfur a zuba sabuwa a cikin yashi, kamar yadda ake zubin tukwanen sanholo. Sharaɗi a nan shi ne nauyin fankar ya daidaita ta kowane gefe, in ba haka ba za ta riƙa girgiza har ta kashe boris.

Irin wannan famfo ba ya iya zuƙo ruwa matuƙar akwai iska a cikinsa. Don haka akan haɗa shi da wani ƙaramin famfo mai fitar da iska. Ƙaramar kafa a jikin gaskit ko mesar zuƙo ta isa ta hana aikin baki ɗaya. Gaskit akan yanka shi da hannu daga takardarsa ko faifan roba, ana bubbuga bakin ƙarfen da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Ya kamata a sani cewa ko lafiyayyen famfo ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kimanin mita 8. Saboda haka idan ya kasa jawo ruwa daga rijiya mai zurfi, ba lalacewa ya yi ba, iyakarsa ke nan.

4.4.2 Tanki

Tankin matsakaiciyar motar Ingila yakan ɗauki galan 400, wato kimanin lita 1,800, nauyin da ya kusa tan biyu. Babban abokin gabarsa tsatsa ne. Mai walda yakan yanke inda ya ruɓe ya yi maho da sabon faranti. A cikin tankin akwai wasu shingaye na ƙarfe da suke hana ruwa tangaɗi. Kuskure ne babba a cire su don sauƙin aiki, domin ruwan zai riƙa kwarara gefe ɗaya a kan kwana, ya kayar da motar, musamman a hanyoyin rairayi na ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa.

4.4.3 Mahaɗar Mesa da Kayan Wuta

Idan mahaɗu biyu suka saɓa, akan sassaƙa wata ta tsakiya wadda kowane bakinta ya dace da ɗaya daga cikinsu. Riwaya kuma yakan sake naɗin wayar sitata da janareton caji, ya gyara jiniya da fitilu. Lagireto akan wanke shi a toshe kafofinsa da dalma, domin injin yana aiki ne a tsaye a lokacin feshi, ba ya samun iskar tafiya.

4.4.4 Sauya Inji

Da yawa daga cikin motocin Bedford na kashe gobara injin fetur gare su. Idan ya gagara gyaruwa akan maye gurbinsa da na dizal. Sai dai idan aka sauya giyabos ba tare da la'akari da akwatin giyar famfo ba, famfon yana iya juyawa a hankali ko ma ya juya a baibai. Sakamakon haka shi ne mota mai gudu amma marar amfani a wurin gobara.

4.5 Kayan da Ba a Yi Musu Dabara

Duk da ƙwarewar masu sana'a, akwai iyakar da bai kamata a ƙetare ba. Robobin birki da bututunsa, da sandunan sitiyari, da tayoyin da suka tsufa suka tsattsage, ba a yi musu maho ko walda, sai dai a sauya su da ingantattu. Haka ma mesar feshi. Matsin ruwan da famfo yake bayarwa yakan kai kwatankwacin na tankin da aka ɗaga sama mita 70. Mesar da aka ɗaure da tsumma ko robar taya tana iya fashewa ta raunata ɗan kwana-kwanan da ke riƙe da ita.

4.6 Gwaji

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan gyara akan cika tanki a gwada birki da cikakken kaya. Daga nan a rufe dukkan kafofin famfo a fitar da iska, a ga ko zai riƙe. Sannan a kai motar bakin ruwa ta zuƙo da kanta, a bar ta tana feshi na tsawon lokaci ana lura da zafin inji da ɗigar ruwa. Wannan gwaji na zuƙo yana da muhimmanci, domin mesa ɗaya mai fitar da lita 450 a minti za ta ƙarar da tankin lita 1,800 cikin minti huɗu kacal. Motar da ba ta iya ɗibar ruwa da kanta aikin minti huɗu kawai gare ta.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kayan ɓangaren mota nemo su ake yi, na ɓangaren ruwa kuwa galibi ƙera su ake yi, sannan akwai rukuni na uku da ba a yarda a yi masa dabara ba. An kuma ga yadda tsohuwar sana'ar ƙira da zubi ta haɗu da kanikancin zamani a aiki guda. Yana da kyau a riƙa ajiye tsofaffin kayan da aka cire tare da rubuta awonsu, domin su zama samfur ga mai gyara na gaba. A babi na biyar za a dubi kalmomin aro da wannan sana'a ta shigo da su cikin harshen Hausa.