BABUR MAI BUGU BIYU YA KOMO FAGE

A cikin 'yan shekarun nan masu ƙera babura a ƙasashen Turai sun fito da waɗansu sababbin babura na ratsa daji da hawan duwatsu, waɗanda injinsu irin wanda a ke kira mai bugu biyu ne. Abin da ya sa labarinsu ya cancanci fili a jarida shi ne, wajen shekarar 2007 kusan kowa ya ɗauka kwanan wannan inji ya ƙare. Manyan kamfanonin Japan suna ta daina ƙera shi, hukumomi kuma sun tasam masa da doka sabo da hayaƙinsa. To, ga shi yau a gasar da ta fi kowace wuya a sha'anin babur, shi ne ke gaba. Ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis, tun da ya ke da yawansu babur ne abin hawansu, su san yadda aka yi haka ta auku, don kuwa akwai abin lura a ciki.

Tseren Juriya

Irin tseren da a ke ƙera baburan nan dominsa sunansa enduro, daga wata kalmar Turanci mai ma'anar juriya. Ya bambanta da tseren fili inda mahaya ke jeruwa su zagaya da'ira. A enduro akan shata hanya mai nisa ta cikin kurmi da fadama da rafi da gangaren dutse, a sallami mahaya kaɗan kaɗan, kowa da katin lokacinsa. Akwai tashoshi a hanya inda alƙalai ke duba agogo. Wanda ya makara an ci shi tara, wanda ya shiga kafin lokacinsa shi ma an ci shi.

Uwar waɗannan gasanni ita ce Gasar Kwana Shida, wadda aka fara a garin Carlisle na Ingila a 1913, domin a gwada ko babur abin dogara ne a mummunar hanya. A 1981 aka sa kalmar enduro a cikin sunanta. Dokarta mai tsanani ce. Da dare akan kulle baburan duka wuri guda, ba mai taɓa nasa, kuma in abu ya lalace mahayin ne zai gyara da hannunsa a cikin 'yan mintocin da aka ba shi. Sabo da haka mai shiga wannan gasa yana bukatar babur marar nauyi, wanda kuma gyaransa ba ya da wuya. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, gama a kansu duk labarin ya ke tafiya.

Ina Ma'anar Bugu Biyu?

A cikin kowane injin fetur akwai wani ƙarfe mai rami kamar turmi, shi ne silinda, a cikinsa kuwa akwai fistin mai hawa da sauka kamar taɓarya. Kowane hawa ɗaya ko sauka ɗaya shi ne bugu. Injin mota, da na yawancin baburan da ke kan titunanmu yanzu, bugu huɗu ya ke yi kafin ya cika aiki guda. Da na farko ya zuƙo iska da fetur, da na biyu ya matse su, a na uku fulogi ya ba da wuta su fashe su ingiza fistin, da na huɗu ya tura hayaƙi waje. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya daidaita wannan tsari a 1876.

A 1881 wani mutumin Sikotlan, Dugald Clerk, ya fito da inji mai gama wannan aiki duka da bugu biyu tak, sa'an nan wajen 1891 Joseph Day na Ingila ya sauƙaƙa shi ya zama kamar yadda muka san shi. Dabarar ita ce a sa fistin ya yi aiki da samansa da ƙasansa gaba ɗaya. Yayin da ya ke hawa yana matse mai a sama, a lokacin nan kuma yana zuƙo sabon mai zuwa ɗakin da ke ƙarƙashinsa. In wuta ta tashi ya sauko, sai ya buɗe wata kafa a jikin silinda hayaƙi ya fita, ya kuma buɗe waɗansu kafofi sabon man nan na ƙasa ya hauro. Watau a kowane juyi ɗaya na inji akwai fashewa ɗaya, alhali mai bugu huɗu sai ya juya sau biyu kafin ya sami ɗaya. Ba ya bukatar bawul, balle sarƙa da sandar da ke buɗe bawul. Shi ya sa ya fi ƙarfi gwargwadon girmansa, ya fi rashin nauyi, kayan cikinsa kuma ba su da yawa.

Wanda ya taɓa hawa tsohuwar Vespa, ko ya taɓa tayar da ƙaramin janaretan nan da a ke gauraya wa fetur da baƙin mai, ya riga ya san wannan inji, ya kuma san aibinsa. Tun da ya ke fetur yana ratsawa ta ɗakin ƙasa, ba dama a ajiye baƙin mai a can kamar na mota, tilas a gauraya shi da fetur, misali kashi ɗaya cikin hamsin, ya ƙone tare da shi. Wannan shi ne shuɗin hayaƙin da mu ke gani. Aibi na biyu ya fi wannan. Akwai ɗan lokacin da kafar shiga da kafar fita ke buɗe tare, sai wani sashe na ɗanyen fetur ya bi hayaƙi ya fice bai ƙone ba. Mai babur ya yi hasarar kuɗinsa, jama'a kuma sun shaƙi abin da zai cuce su.

Hikimar Mutumin Zschopau

Wanda ya fara rage wannan ɓarna sosai shi ne Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ a garin Zschopau na Jamus ta Gabas, a cikin shekarun 1950. Ya lura cewa hayaƙi yana fita da ƙara, ƙara kuwa tana komowa in ta bugi bango, kamar yadda murya ke komowa a cikin rijiya. Sai ya ƙware wajen ƙera salansa mai ƙaton ciki, mai tsukewa daga baya, yadda amsa-kuwwar za ta komo daidai lokacin da ɗanyen fetur ke ficewa, ta tura shi ya koma cikin silinda kafin fistin ya rufe kafar. Wannan shi ne dalilin tumbin nan da a ke gani a salansar kowane babur na tsere mai bugu biyu. Da baburan MZ 'yan Jamus ta Gabas suka ci kofin Gasar Kwana Shida sau biyar a jere, daga 1963 zuwa 1967, suka sake ci a 1969.

Daga nan mai bugu biyu ya mallaki tseren daji shekaru da yawa. Amma gaba da gabanta. A 1998 kamfanin Yamaha ya fito da YZ400F, babur mai bugu huɗu wanda aka rage wa nauyi ƙwarai, dokokin tsere kuma suka yarda masu bugu huɗu su shiga da inji mafi girma. Cikin shekaru kaɗan sai suka ƙwace tseren fili. Honda ya daina ƙera manyan baburansa na tsere masu bugu biyu bayan 2007, Kawasaki da Suzuki su ma suka janye, Yamaha kaɗai ya ci gaba da nasa. A Turai kuwa dokar hayaƙi ta yi ta ƙara tsanani. Wadda a ke kira Euro 4 ta hau kan dukan sababbin babura a 2017, ita ce ma ta kawo ƙarshen Vespa PX. Wannan doka ta shafi baburan enduro kai tsaye, domin hanyar tserensu takan ratsa titin gwamnati, tilas su sami lamba kamar kowane abin hawa.

Sababbin Baburan

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kamfanin KTM na garin Mattighofen a ƙasar Ostiriya ya ɗauki wannan hanya. A 2017 ya nuna baburansa 250 EXC da 300 EXC waɗanda aka cire wa kafireta, aka sa musu injekta biyu masu fesa fetur a cikin kafofin da mai ke haurowa. Wata 'yar kwamfuta ce ke auna nauyin iska da zafinta da yadda mahayi ya murɗa totur, sa'an nan ta fesa daidai gwargwadon da inji ke bukata. Baƙin mai kuma aka yi masa tankinsa dabam da famfon da ke ɗiga shi, mahayi ya huta da gauraye a galan. Shan mai ya ragu, hayaƙi ya ragu, babur ya sami shiga ƙarƙashin doka. Husqvarna da GasGas, waɗanda ke gida ɗaya da KTM, suka bi sahu.

Waɗansu mahaya sun yi ƙorafi cewa wannan tsari bai kai kafireta kuzari ba. A samfurin 2024 sai aka mai da injektocin zuwa maƙogwaron da iska ke shiga, aka kuma ba kwamfuta ikon buɗe kafar hayaƙi da tsuke ta gwargwadon gudun inji. Babban cikinsu, 300 EXC, injinsa siisii 293 ne, da giya shida, da lagireto na sanyaya inji da ruwa, ana ta da shi da maɓalli. Nauyinsa ba fetur bai wuce kilo 104 da 'yan kai ba. Ƙafar gaba inci 21 ce, ta baya inci 18, kowace kuwa tana iya lotsawa wajen santimita 30 in ta faɗa rami. Kuɗinsa a Turai ya haura Yuro 10,000.

Ba KTM kaɗai ke cikin kasuwar ba. Akwai Beta da TM na Italiya, da Sherco na Faransa, da Rieju na Sifen. Beta da Sherco sun riƙe kafireta har a baburansu na 2024, suna kuwa cin gasa da su. Shi kansa KTM ya faɗa cikin matsalar bashi a ƙarshen 2024, sai kamfanin Bajaj na Indiya, mai ƙera Boxer ɗin nan da ta cika garuruwanmu, ya zuba kuɗi a 2025 ya karɓi ragamarsa.

Inda Miya Ke Ƙarewa

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wurin da a ke gane amfanin mai bugu biyu shi ne gasar Erzberg, wadda a ke yi tun 1995 a wata mahaƙar tama kusa da garin Eisenerz na Ostiriya. Mahaya wajen 1,500 ke zuwa, a tace a fid da 500, a ba su sa'a huɗu su ci kilomita 35 ko kusa da haka. A 2015 mutum biyar kaɗai suka kai ƙarshe, huɗu daga cikinsu ma sai da suka taimaki juna da jan babura, aka ba su na ɗaya tare. Ɗaya daga cikin huɗun nan shi ne Andreas Lettenbichler na Jamus, wanda ɗansa Manuel ya ci gasar a 2022 da 2023 da 2024 a kan KTM 300.

Kusan duk masu kaiwa ƙarshe a irin wannan gasa mai bugu biyu su ke hawa, dalili kuwa a fili ya ke. Mutumin da zai ɗaga babur daga tsakanin duwatsu sau da yawa a yini ɗaya ya san darajar kowane kilo. Injin 300 yana iya jan jiki a hankali a kan hawa ba ya mutuwa, ba ya kuma saurin tafasa kamar mai bugu huɗu in tafiya ta zama ta rarrafe. In ya nutse a rafi, a cire fulogi a zazzage ruwan a ci gaba. Injekta kuma ta ƙara wata fa'ida. A gasar Roof of Africa ta ƙasar Lesoto, wadda aka fara a 1967, hanya tana hawa tsaunuka inda iska ba ta da kauri. Mai kafireta sai ya sake daidaita ta da hannu, in ba haka ba fetur ya yi wa inji yawa. Mai kwamfuta kuwa ita ke yi masa wannan aiki yana tafe.

Abin Lura Gare Mu

Amma kowane allazi da nasa amanu. Abin da ya ɗaukaka mai bugu biyu tun farko shi ne, mutum mai sifana da sukudireba yana iya kwance shi a gindin itace ya ɗaura. Yanzu in famfon fetur ya tsaya, ko wata waya ta tsinke a cikin na'urorin awo, sifana ba ta da abin da za ta yi, sai an kawo na'urar bincike an jona. An ceci injin daga hannun doka, amma an rage wa mai shi ikon gyaransa. Wannan shi ne dalilin da ya sa har yanzu waɗansu mahaya ke manne wa kafireta. Ga kuma baburan batir, irin na kamfanin Stark da ke kusa da Barcelona, sun fara shiga daji ba hayaƙi ba ƙara.

Waɗannan babura na tsere ne, ba su dace da mai zuwa ofis ko mai rangadin makarantu ba, gama ba su da wurin kaya, fistinsu kuma akan sake shi bayan 'yan sa'o'in aiki ƙididdigaggu. Amma hanyar da suka bi ita ce motoci suka riga suka bi, ita kuma baburan titi ke bi a ƙasashen da ke ƙera su. Yaron da mu ke aikawa koyon makanikanci yau, in ya tsaya ga sanin kafireta kaɗai, wata rana za a kawo masa babur ya rasa ta inda zai fara. Ya wajaba makarantun koyon sana'a su haɗa masa aikin ƙarfe da ilmin lantarki, su kuma ƙarfafa masa karatu da lissafi, tun da ya ke na'urar bincike da rubutu ta ke magana.

Malaman makaranta kuwa ba sai sun jira kayan gwaji daga Turai ba. A nemi mataccen ƙaramin janareta a kasuwar 'yan gwangwan, a kwance kansa a gaban aji, a juya shi da hannu yara su ga fistin yana buɗe kafofi yana rufewa. Darasin iska da zafi da amsa-kuwwa duk suna cikin wannan ɗan ƙarfe. Yaron da ya gani da idonsa ba zai manta ba. Allah ya sa mu dace.