Asid da Bes: Kimiyyar da ke Cikin Tsamiya da Kanwa

Ilimin sinadarai, wato kemistiri, ya kasa abubuwan da ke narkewa a ruwa gida uku: asid, bes, da 'yan tsaka-tsaki. Darasin yana cikin na farko da ɗalibin ƙaramar sakandare ke cin karo da su, kuma yawancin kayan gwajinsa suna nan a madafin gida.

Alamar asid da kowa ya sani ita ce tsami. Lemon tsami yana ɗauke da asid ɗin sitirik, tsamiya kuma da na tatarik. Idan madara ta kwana, ƙwayoyin bakteriya kan mayar da sukarin cikinta asid ɗin laktik, shi ne ke sa ta daskare ta zama nono. Waɗannan duka raunana ne, shi ya sa ake shan su lafiya lau. Akwai kuma ƙarfafa: ruwan batirin mota asid ɗin salfurik ne, yana huda tufa yana ƙona fata, kuma cikin ɗan Adam kansa yana fitar da asid ɗin haidirokulorik don narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta.

Bes kishiyar asid ce. Tana da ɗaci-ɗaci a baki da santsi a hannu. Kanwa, wadda ake haƙowa a busassun tafkunan ƙasar Manga ta Nijar da kewayen Tafkin Cadi, galibinta sodiyam kabonet ce da bikabonet. Ruwan tokar da ake tacewa don miya yana ɗauke da fotasiyam kabonet. Mafi ƙarfi a cikin waɗanda ake samu a kasuwa ita ce sodar masu yin sabulu, sodiyam haidiroksaid. Santsin da ake ji idan ta taɓa yatsa ba alheri ba ne, domin ta fara mayar da maiƙon fata sabulu ke nan, kamar yadda take yi wa manja ko man gyaɗa a tukunyar masu sana'ar.

Asalin bambancin yana can cikin ƙwayoyin zarra, ƙananan ɓurɓushin da aka gina kowane abu da su. Ƙwayar ruwa ɗaya haɗin zarra biyu ce ta haidirojin da ɗaya ta oksijin, abin da ake rubutawa H₂O. A 1884 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya kawo bayanin cewa wasu sinadarai kan rabu gida biyu masu cajin lantarki idan sun shiga ruwa. Daga nan aka gane cewa asid yana sakin haidirojin mai caji, H⁺, bes kuwa tana ƙara yawan haɗin oksijin da haidirojin mai caji, OH⁻. Ƙaƙƙarfan asid shi ne wanda ke sakin kusan dukan haidirojinsa, raunanan kuwa ɗan kaɗan suke saki.

Don auna wannan ne Søren Sørensen na ƙasar Denmak ya fito da ma'aunin pH a 1909. Ma'aunin kan tashi daga 0 zuwa 14. Tsantsar ruwa tana kan 7. Abin da ya gaza 7 asid ne, wanda ya haura kuma bes. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, sabulun wanka tsakanin 9 da 10, ruwan soda mai kauri kuwa yana kai 14. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne tazarar lambobin: kowane taki ɗaya ninki goma ne, don haka ruwa mai pH 3 ya ninka mai pH 5 sau ɗari a yawan H⁺. Jinin mutum yana zaune tsakanin 7.35 da 7.45, kuma huhu da ƙoda ne ke aikin tsare shi a wannan ɗan matsatsin fili.

A ɗakin gwaji ana amfani da takardar litmus, wadda ke komawa ja a asid, shuɗiya a bes. Makarantar da ba ta da ita ba ta da uzuri, domin zoɓo yana yin aikin. A jiƙa shi ba sukari, a tsarma, a raba a kofuna uku. Wanda aka matsa wa lemon tsami zai ƙara ja, wanda aka zuba wa ruwan kanwa zai yi duhu ya karkata zuwa kore, na ukun kuma a bar shi don kwatantawa. Sinadarin launin zoɓon, antosayanin, shi ke sauya siffa gwargwadon yawan H⁺.

Idan asid da bes suka haɗu, kowanne yana kashe kaifin ɗan'uwansa. H⁺ da OH⁻ su haɗe su zama ruwa, ragowar kuma ta zama gishiri. Asid ɗin haidirokulorik da soda, duk da haɗarin kowannensu, idan aka gwama su daidai wa daida, abin da zai rage ruwa ne da gishirin miya. Mai girkin da ta jefa kanwa a miyar yakuwa wannan aikin take yi, kuma kumfar da ke tasowa iskar kabon dayoksaid ce da asid ya kora daga kabonet. Haka maganin ƙwannafi ke rage asid ɗin ciki. Marinan Ƙofar Mata a Kano suna zuba toka a karofi saboda baba ba ya narkewa ya kama zane sai a ruwa mai bes. Gonar da aka daɗe ana zuba wa takin yuriya kuwa ƙasarta kan yi tsami, sai a gyara ta da farar ƙasa ko toka.

Ba a gwada sinadarin da ba a sani ba da harshe ko da yatsa. Wajen tsarma ƙaƙƙarfan asid, shi ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa a kansa, domin zafin da ke tashi yana iya sa ya fantsamo. Idan asid ko soda ta taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, sannan a garzaya asibiti.