Ɗalibin Kimiyya a Gaban Masu Ɗaukar Aiki

Manyan kamfanonin ba da shawara kan kasuwanci, irin su McKinsey da BCG, sukan jarraba mai neman aiki da matsalar wata masana'anta, ya warware ta nan take. Tun bayan Yarjejeniyar Paris ta 2015, tambayoyin muhalli sun yawaita.

Ga misali: masana'antar siminti tana son rage iskar kabon da take fitarwa. Wanda bai shirya ba zai ce a sauya makamashi, shi ke nan. Ɗalibin kimiyya kuwa zai tuna cewa in aka gasa giram 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa, giram 44 yakan fita a matsayin iskar kabon. Fiye da rabin abin da masana'antar ke fitarwa daga dutsen yake, ba daga wuta ba. Saboda haka sai ya kasa matsalar gida uku: dutse, makamashin tanderu, da lantarki. Ya ƙiyasta kowanne, sa'an nan ya auna tsadar kowace mafita, kamar gauraya siminti da gasasshen yumɓu.

Shirin ke nan: lissafi da ka, bayyana dalili daki-daki, da yawan gwaji tare da abokin karatu. Malamai na iya soma wannan tun daga aji.